Gardamar Jita a Teburin Mai Shayi

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

   Masu Keke Napep da suka ƙure rediyo a kan hanya, teloli da har yanzu ƙafa ke kan keke, masu gadi da yanzu nasu aikin zai fara, duk ina gaishe ku da kyau.

Yau babu siyasa, babu farashin masara a Tudun Hatsi. Gardama na kawo muku, wadda na tsinta a teburin mai shayi a nan Bolari daren Asabar. A kan mutum ɗaya aka fara ta, wani makaɗin jita ɗan Nijar, amma kafin a watse sai da ta taɓo Shata, ta taɓo Ɗan Maraya Jos, ta biyo ta kan 'ya'yanmu masu shiga situdiyo. Shi ya sa na ga bai kamata ta mutu a kan benci ba. Na san cikin masu sauraro akwai waɗanda ke ganin kiɗa gaba ɗayansa bai halatta ba. Wannan fage ne na malamai, ni kuwa ba malami ba ne. Tawa magana a kan sana'a ce da gwaninta, kuma za ku ji ta shafi tela da magini kamar yadda ta shafi makaɗi.

Ga yadda aka yi. Kusa da teburin akwai jerin shaguna, mai gadinsu wani dattijo ne Ba'abzine, cikin waɗanda muke ce wa Buzaye. Shi ba ya shan shayin teburi. Nasa daban yake dafawa, a 'yar shuɗiyar buta, kan ɗan murhun waya da gawayin da bai cika tafin hannu ba. Rawani ya rufe masa baki da hanci, 'yar wayarsa na jingine da dutse tana fitar da kiɗa ƙasa-ƙasa. Kullum haka yake, ba mai kula shi. Amma daren nan abin da ya sako ya fi na kullum zafi. Jita ce ke hawa tana sauka, ganga na biye da ita a sukwane kamar dawakin hawan salla.

Wani matashi da ke cin indomi ya ajiye cokali. Na san shi, ɗan wajen Kaltungo ne, shi ke kaɗa jita a cocinsu, ya fi shekara goma yana yi. Ya ce, "Baba, wa ke wannan kiɗa?"

Dattijo ya ce, "Mdou Moctar ne, yaron wajenmu."

Nan take matashin ya zaro babbar wayarsa ya nemo shi a YouTube, muka taru a kansa kamar ana rabon goro. Sai ga dogon mutum cikin rawani da shadda, ya rungumi farar jita ta bahago. Babu ɗan robar kaɗawa a hannunsa. Yatsa ne tsirara ke sharar tsirkiya sama da ƙasa har ido ya kasa bin sa. Muka kalla har ƙarshe, ba wanda ya ce uffan. Sai matashin ya taɓe baki ya ce, "Sauri kam akwai shi. Amma wannan ba gwaninta ba ce."

Wani tela da ke gefe, mutumin da ya ba hamsin baya, ya juyo da kofi a hannu. "Me ka ce, ɗana?"

"Baba, ka saurara da kyau. Tun da ya fara har ya gama kod ɗaya yake kewayawa, in ya yi yawa biyu. Murya biyar kawai yake taɓawa, ya hau, ya sauko, ya sake hawa. Mu a coci waƙa ɗaya sai ta bi kod shida, mai ba da waƙa ya canza kii a tsakiya ba sallama, dole ka bi shi ko ka ji kunya a gaban jama'a. Wannan sauran duk ƙarar na'ura ce. Ni nan ka ba ni mako biyu, zan kaɗa maka abin da ya kaɗa, ba za ka bambance ba."

Tela ya kurɓi shayi, ya ce, "Na yarda za ka iya. To me ya hana ka kaɗa shi tun kafin ka ji shi?"

Aka kwashe da dariya, har mai shayi ya kusa ƙona ƙwai. Yaron dai bai ji kunya ba, bai kuma kamata ya ji ba, don maganarsa ba ta banza ba ce. Zan dawo kanta. Bari tukuna in gaya muku ko wane ne ake wa wannan gardama.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, haifaffen jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, a tsakiyar shekarun 1980. Bai gaji kiɗa ba. Gidansu gidan addini ne, ba a so ya yi. Da yake ba mai saya masa jita, sai ya sassaƙa katako ya ɗaura masa wayar birkin keke, ya riƙa koyo a ɓoye. Wanda ya cusa masa sha'awar kuwa shi ne Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin magabatan wannan kiɗa a Nijar, wanda ya rasu a 2020.

Shi kansa kiɗan jitar Abzinawa ɗan wahala ne. Farin 1973 da na 1984 sun ƙarar da dabbobi, suka watsa samarin Abzinawa cikin birane. Wasu suka yi Aljeriya, wasu Libiya, wasu suka gangaro mana nan suka kama gadi. Waɗanda suka yi arewa su ake kira ishumar, daga wata kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. A wannan zaman baƙunta ne suka ɗauki jita, suka juye mata kiɗan molonsu mai tsirkiya uku, da na tende, wato turmin da matansu ke rufe wa baki da fata su kaɗa. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ita ce uwa a wannan fage, har ta ci kyautar Grammy a 2012. Jagoranta Ibrahim Ag Alhabib shi ma da gwangwani da sanda da wayar keke ya fara.

To, ga inda abin ya zo gida. A 2008 Mdou Moctar ya shigo Najeriya, ya sauka Sakkwato, ya shiga irin situdiyon nan da ake buga waƙoƙi da salon finafinanmu. A nan ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar. Ganga ta na'ura ce, murya an bi da ita ta na'urar nan mai lanƙwasa murya da muka sani a waƙoƙin nanaye, harshen kuwa Tamashek ne, jita na tafe a hankali a ƙarƙashi. Ba kamfanin da ya fitar da shi a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta bulutut da memori, har ya tsallaka arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince shi cikin wayoyin mutane, ya sa waƙa ɗaya cikin tarin da kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya kuma shiga cigiyar mai waƙar har ya same shi. Wannan kamfani dai shi ne ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So a 2013.

Daga nan hanya ta buɗe. A 2015 ya fito a fim da harshensu, wanda aka ɗora kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince, kuma abin dariya, labarin fim ɗin ma gasa ce tsakanin makaɗan jita a Agadas. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar masa da Afrique Victime, a 2024 ya biyo da Funeral for Justice, inda yake kukan abin da Faransa ta yi wa ƙasarsa da yadda harshen Tamashek ke zubewa daga bakin yara. Jaridun Turai da Amurka kuwa ba su da aiki sai kwatanta shi da Jimi Hendrix, wanda shi ma bahago ne, ya rasu a 1970 yana ɗan shekara 27.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu mu koma kan maganar matashinmu. Abin da kunnensa ya ji gaskiya ne. Kod ɗin kaɗan ne, muryoyin biyar ne. Tambayata ita ce, da wane mudu ya auna? Mudun da ya koya a coci, asalinsa daga Turai yake, inda ake gina kiɗa kamar bene, kod kan kod, a hau a sauko a koma inda aka faro. Gini ne mai kyau, mai kuma wuyar koyo. Amma kiɗan wannan yanki namu, na Abzinawa da na Hausa da na Fulani, ba a haka aka aza tubalinsa ba. Ku tuna garaya, ku tuna gurmi. Tsirkiya ɗaya na gunji a ƙasa ba ta motsi, ɗayar ce ke magana. Haka Ba'abzine ke yi da jita. Babban yatsa na kan tsirkiya mai kauri yana dukanta kamar mai daka, manuni na zana waƙar a kan sirara, yatsun ɗaya hannun kuwa na bugawa suna fizgewa a wuyan jitar, su fitar da murya uku ko huɗu daga kaɗawa ɗaya. Wuyar abin ita ce ka maimaita jimla sau talatin, kowace da ɗan abin da ya raba ta da 'yar'uwarta, ka kuma zauna daram cikin kiɗan takamba mai rangaji, ba ka riga ganga ba, ba ta bar ka a baya ba. Wanda ya auna gero da tef ɗin tela, ai ba geron ne da laifi ba.

In da yawan murya ne gwaninta, da Ɗan Maraya Jos shi ne kurar baya. Tsirkiya ɗaya tak gare shi, a kan kuntigin da cikinsa gwangwanin kifi ne aka rufe da fata. Da wannan ɗan abu ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha, ya zaga ƙasashen duniya, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu ran 20 ga Yunin 2015, yau shekara nawa, wa ya zauna a gurbinsa? Kuntigi dai ga shi nan, ko yaro zai iya haɗa shi da yamma ɗaya.

Tela bai san sunan kod ko ɗaya ba, amma da nasa kayan aikin ya yi bayani. Ya ce, "Ɗana, a shagona akwai yaron da in ka zana masa layi da alli zai bi shi ba karkata, ɗinkinsa kamar na kanti. Amma har gobe ba na ba shi almakashi, don bai iya kallon mutum ya ga rigar a jikinsa tun tana yadi ba. Yanzu ma ga injin kwamfuta ya zo, ya yi maka aikin wuya kafin ka gama cin tuwo, ba zare ɗaya da zai kauce. To me ya sa babbar riga aska takwas, aikin hannun Zariya, wadda in ka duba da kyau za ka ga inda allura ta ɗan zame, ita ce mai tsada?"

Nan kam ya yi magana. Da ya tsaya a nan da na ba shi gaskiya duka. Sai ya ƙara da cewa, "Shi wannan abu baiwa ce kawai, Allah ke bayarwa. Wanda aka ba ba ya bukatar koyo, wanda ba a ba ba ko ya shekara ɗari yana koyo a banza."

A nan muka raba hanya da shi. Baiwa gaskiya ce, ba mai musun ta. Amma wannan magana ta zama bargon da malalata ke lulluɓa da shi. Duk mai shakka ya saurari Anar na 2008, sannan ya saurari Afrique Victime na 2021. Shekara 13 ke tsakani, kuma hannun da ke cikin na biyu ba shi ne na cikin na farko ba. A ina ya samo shi? A gidajen biki. Makaɗin jita a Agadas abincinsa bikin aure ne, a fili, cikin ƙura, da janareta da lasifikar da ta sha wuya, sa'o'i ana abu ɗaya. In hannunka ya yi sanyi 'yan rawa su watse, gobe a kira wani. Wannan ita ce makarantarsa, ba ta da allo, amma jarrabawarta kullum ce. Basira ce ta kai shi bakin kasuwa, ƙwarewa ce ta kama masa rumfa.

Akwai kuma abin da mu duka muka manta da shi muna kallon wayar nan, don idonmu na kan mai farar jita. Bayansa akwai mutum uku: Ahmoudou Madassane da jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a kan ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun mai jita mai kaurin murya. Su ne ke riƙe da ƙasa ba gezau, shi ya sa shi yake samun sararin tashi sama ya yi yawo ya dawo ya tarar da gida a inda ya bar shi. Haka Mamman Shata yake. Kowa ya san shi da ƙirƙirar waƙa nan take, a tsaye, ba shiri. Shi ma bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa bai so ba, amma sai da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. To ku cire masu kalangun nan da 'yan amshi da suka san numfashinsa, waɗanda ko ya juya ba sanarwa suna biye, ku ga yadda nan-take ɗin za ta kasance. Fasahar mutum ɗaya a kan ƙwarewar mutane da yawa take tsaye.

Wani lokaci ma rashi ne ke haifar da salo. A Faransa an yi wani makaɗin jita, Django Reinhardt. A 1928, yana ɗan shekara 18, gobara ta lalata masa yatsu biyu na hannun hagu. Da sauran biyun ya sake koyon jita daga farko, ya fito da salon da masu yatsu cikakku ke wahalar kwaikwayo har yau. Ku gaya mini, wannan baiwa ce ko naci? In kun iya raba su, kun iya raba hanta da jini.

Da gardama ta ƙi ƙarewa, sai mai shayi ya ce, "Kai, ga mai abu a zaune kuna ta wahala. Baba, raba mana wannan faɗa."

Dattijo bai yi sauri ba. Ya ɗauke butar daga wuta, ya ɗaga ta sama kusan kamu biyu, ya tsiyayo shayi siriri cikin ɗan kofin gilashi, ko ɗigo bai zuba ƙasa ba. Ya mayar cikin buta, ya sake tsiyayowa, har kumfa ta taso ta yi wa kofin rawani. Sannan ya ce, "Mu ma can gida ana wannan gardama. Wasu su ce Bombino ya fi daɗi, nasa kiɗa sanyi gare shi. Wasu su ce Mdou ya fi wuta. Tsofaffi su ce duk hayaniya ce, a ba su Abdallah."

Bombino ɗin da ya ambata shi ne Omara Moctar na Agadas, wanda kundinsa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar Grammy.

Dattijo ya ci gaba. "Amma mu ba mu tambaya wa ya fi hannu. Muna tambaya wa ya taso maka da assuf."

Na ce, "Baba, mene ne assuf?"

Ya ce, "Kewa. Kewar gida, kewar daji, kewar waɗanda suka tafi. Ni ga ni nan ina gadin shagon wani. In na kunna wannan, rijiyar garinmu nake gani." Sai ya miƙa wa matashin kofin. "Ɗana, ka ga kumfar nan? Ba ado ba ce. Tsiyayawar ce ke gauraya sukari, ita ke huce shayin. In ba ka iya tsiyayawa ba, ƙasa ce za ta sha shayinka. In kuwa ka iya amma ganyenka ba na kirki ba ne, kumfa za ka ba baƙo."

Jama'a, ni dai daga nan ban ƙara cewa komai ba a teburin. Ra'ayina, in kuna so ku ji, bai wuce na dattijon nan ba. Hannu doki ne, basira mahayi. Kowa ya ga hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Gombe ya san dokin da ba mahayi ɓarna yake yi, mahayin da ba doki kuwa ɗan kallo ne. Don haka tambayar da ta dace a yi wa makaɗi ita ce: kana da abin faɗa, kuma hannunka ya isa ya faɗe shi? A kan Mdou Moctar amsata e ce, sau biyu. Ba na cewa ya fi kowa. Akwai wuraren da ni ma nake jin ƙarar ta yi yawa, har ta danne waƙar. Amma rufe ido ka ji kaɗawa uku, ka san shi ne. Wannan ba a sayar da shi a shagon kayan kiɗa.

Sai dai abin da ya hana ni barci daren nan ba Mdou ba ne. Mu ne.

Ku duba fa. Yaron nan ƙasarmu ya zo, ya ari na'urarmu, ya ɗauki abin da yake so a cikinta, ya koma gida ya ci gaba da horar da yatsunsa. Mu masu na'urar fa? Tun ƙarshen shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa, mutum ɗaya a ɗaki ɗaya shi ne mai kalangu, shi ne mai algaita, shi ne mai goge, duk da danna maɓalli. Ba na zagin fiyano. Ya ciyar da gidaje, ya fito da mawaƙa masu basira, kuma Anar kansa shaida ne cewa ana iya ƙirƙira da shi. Har mawaƙi muke da shi mai laƙabin Jita, wato Ali Jita. Amma zaga situdiyoyinmu ka ƙirga inda za ka tarar da tsirkiya ta gaske a rataye. Ina magajin Haruna Uji a gurmi? Ina na Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka a kukuma? Ina na Garba Liyo a goge? Akwai masu yi, Allah ya ƙara musu ƙarfi, amma 'yan tsiraru ne, kuma mu ne muka mayar da su haka. Muna son kiɗan, muna ƙyamar makaɗin. A kira shi biki ya raba dare yana aiki, gobe ya nemi auren 'yar gidan a ce maroƙi ne.

A nan Gombe abin ya fi ba ni takaici, don duk kayan haɗin muna da su. Masu horarren hannu a kan jita, yawancinsu a coci-coci suke, irin matashinmu, sun san kod, sun san kii, sun saba da atisaye duk mako. Masu tsohon kiɗa a kunne kuwa suna nan cikin Fulani masu molo, da masu garaya, da makaɗan Tera da Tangale da Waja da Bolewa. Unguwa ɗaya muke, kasuwa ɗaya muke ci, amma waɗannan hannaye da waɗannan kunnuwa ba su cika zama kan tabarma ɗaya ba. Ali Farka Touré na Niafunke a Mali, wanda ya rasu a 2006, da ɗan molo mai tsirkiya ɗaya da ƙaramin goge ya fara. Kiɗansu ya kwashe ya zuba wa jita, duniya ta miƙe tsaye, ya ci Grammy a 1995. Malam Mamane Barka na Nijar, malamin makaranta ne kuma makaɗin gurmi da ya riga ya yi suna, amma a 2002 ya tattara ya tafi bakin Tafkin Chadi ya durƙusa gaban wani tsoho, don ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da ke gab da ɓacewa. Ba su jira baiwa ta faɗo musu daga sama ba, ba su kuma tsaya kwaikwayon na wasu ba. Kayan aro ai ba ya rufe katara.

Kafin in sallame ku, ga ƙarshen labarin. Daren Laraba na sake bi ta teburin. Sai na tarar da matashin nan zaune a kan bulo kusa da murhun dattijo, da jitarsa ta katako a cinya. Bai ma jira mako biyun ba. Kuma wallahi ya yi ƙoƙari, duk muryoyin ya samo su, ba wadda ta ɓace. Dattijo ya kifa wata tsohuwar jarka yana buga masa da tafin hannu. Su fara tare, kafin a je ko'ina yaro ya wuce gaba. Su sake, ya sake wucewa. A karo na huɗu dattijo ya dafa masa hannu ya ce, "Ɗana, ina za ka? Raƙumi ba ya gaggawa, kuma shi ke isa Bilma."

Yaron ya yi dariya, ya share gumi duk da sanyin nan, ya ce, "Baba, a sake."

Tela na zaune da kofinsa yana kallo. Ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Malam, ka ga wannan? Zai yi yanka." Na ce, "Ashe dai ana koyo." Ya yi kamar bai ji ba.

Na baro su suna kan na biyar.

To jama'a, kun ji tawa. Mai ganin tela ne da gaskiya, da mai goyon bayan matashi, da wanda ya san wani tsohon mai gurmi ko mai molo a unguwarsu da ya kamata a je a durƙusa a gabansa tun yana da rai, ƙofar wannan fili a buɗe take, a aiko mana. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu.  

(Kiɗan rufe shiri)